Ku Tambaya Mu Amsa: Inna ta karye a hannu, mu hana ta aiki?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da war haka. Wannan karon saƙonni kan ciwon ƙashi ne suka cika mana waya, yawanci daga Tawa da Yamai, sai na tsamo waɗanda amsarsu za ta wadatar da sauran.

Salamu alaikum Malama, ina wuni, ya aiki. Ni ɗiya ce daga Tawa. Innarmu shekarunta 64, kwanan baya ta zame bakin pampo ta dafa ƙasa da hannu, wuyan hannun ya karye. Munka kai ta wajen maɗori, daga baya munka tahi likita anka yi radiyo, dokta ya ce ƙashinta ya yi sakayau, wai ostiyoporoz. Tun ran nan yayyena maza sunka kafa doka, ba daka ba shara ba zuwa kasuwa, ko buta ba a bari ta ɗauka. Yanzu wuni take bisa katifa tana jan tasbaha, ni kuma gani nike kamar ƙara lalacewa take don ko tashi sai an kama ta. Mi ya kamata mu yi?

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya ba Inna lahiya, ku kuma ya saka muku da alheri. Yayyenki so ne ya sa su, ba wanda zai ga laifinsu, amma gaskiya dokar nan tasu cutar da Inna take, abin da idonki ya gani daidai ne.

Ƙashi abu ne mai rai. Kullum akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke kankare tsohon ƙashi wasu na bin bayansu suna zuba sabo, har ta kai cikin kimanin shekara 10 ƙasusuwan mutum kusan duka sun sabunta. Tun yarinta masu zubi ke rinjaye har wajen shekara 30, daga nan a ɗan yi kunnen doki, sannan a fara gangara. Mace in haila ta ɗauke mata sinadarin estorojin da ke hana kankarar yin yawa sai ya yi ƙasa, gangarar ta yi sauri, wata cikin shekara 5 zuwa 7 tana iya rasa har kashi 20 cikin 100 na ƙarfin ƙashinta. Daga waje yana nan yadda yake, ciki ne ya zama kamar azarar da gara ta ci, kuma ba ya ciwo ba ya kumburi, ranar da ya karye ranar ake sani. Wuyan hannu, ƙashin baya da ƙashin ƙugu, nan ne ya fi kama mutane. Duk wanda ya haura 50 ya faɗi daga tsayuwarsa kawai, ba mota ba moto, kuma ya karye, to a zargi wannan cuta.

To me ke sa masu zubin nan su tashi aiki? Nauyi. Tun 1892 wani likitan fiɗa Bajamushe, Julius Wolff, ya rubuta cewa ƙashi yana gina kansa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. 'Yan sama jannati ƙarti ne masu lahiya lau, amma da yake can sama jiki ba ya da nauyi, sukan rasa kashi 1 ko fiye cikin 100 na ƙashin ƙugu duk wata. 'Yan wasan tanis kuma hannun da suke bugu da shi ya fi ɗayan kaurin ƙashi, mutum ɗaya abinci ɗaya. Donc katifar nan da Inna ke wuni a kai tana cin ƙashinta, kuma tana cin naman cinya wanda shi ya fi saurin zagwanyewa, shi ya sa yanzu sai an kama ta.

Ku fara komawa wajen dokta ya tabbatar ɗorin ya kama, in akwai kine, wato mai gashin ƙashi na asibiti, a kusa ya duba ta ko sau ɗaya ne. In ya ba da izini ga abin da za ta fara da shi, ba ya cin ko dala.

Ki samo kujera mai ƙarfi, ta ƙarfe ko ta katako, ba ta roba mai rawa ba, ki jingina ta da bango. Inna ta zauna bakin kujerar, ƙafafu a ɗan ware, duga-dugai sun ja baya kaɗan, ƙirji a sama, ta miƙe tsaye ta sake zama a hankali, kar ta saki jiki ta faɗa tim. Farko ta dafa gwiwa ko ta riƙe hannunki ba komai. In sau 5 ta iya to 5 ɗin, ta huta ta ƙara. Bayan sati biyu uku za ki ga ta kai 10, sai ta rungume hannu a ƙirji ta tashi ba dafawa, in wannan ma ya zama wasa sai ki ba ta bido na lita 5 da ruwa rabi ta rungume, a riƙa ƙara ruwan. Lita ɗaya kilo ɗaya ne, lissafin ba wuya. Sannan ta dafa bango ta yi ɗage ta sauko, sau 10. Ta tsaya da ƙafa ɗaya tana riƙe da ƙyaure kina ƙirga mata har 10, ta canja. Ta yi tafiya a tsakar gida diddige na taɓa yatsu kamar mai awon fili, hannu ɗaya na bin bango. Duka bai fi minti 20 ba, sau 3 a sati, kuma a bar ta ta tafi masallaci, barka, gaisuwar mutuwa da ƙafarta.

Ga abin da za ki gaya wa yayyenki, su da suke tsoron karaya. Wadda ake gudu ita ce ta ƙugu, don a cikin tsofaffin da suka karye nan kusan 1 cikin 5 ba ya cika shekara, da yawa kuma ba sa koma tafiya kamar da. Kuma kusan duk faɗuwa ce ke kawo ta. In suna son kafa doka su kafa ta kan karon bayi da ke jiƙe kullum, da silifas ɗin da gindinsu ya suɗe, da bakin tabarma da ya naɗe, da fita bayi cikin dare ba tocila in an ɗauke wuta. Su kai ta a duba ido ko da yana, su tambayi dokta ko maganin tansiyo na sa ta jiri in ta miƙe. Turmi dai a bar shi tukuna sai hannu ya warke sarai.

Kuma tunda ta riga ta karye sau ɗaya, motsa jiki kaɗai ba ya isa, ku tambaya ko za a ɗora ta kan magani. Akwai irin su alandoronat da ake sha sau ɗaya a sati da sassafe kafin a ci komai, da kofi cike da ruwa, kuma ba a kwanciya sai an yi minti 30. Dokta ne zai rubuta, ba mai tallan magani a tire ba.

Malama barka da aiki. Ina da shekara 49, ina aikin buro nan Yamai, al'adata ta fara wasa. Kullum bayan asuba ina zagaya Stade Seyni Kountché da ƙafa wajen minti 40 da ƙawayena. Shin wannan ya wadatar ko da saura? Yayata ta ce ɗaga ƙarfe na maza ne, kuma a shekaruna karya ni zai yi.

Hajiya sannu da ƙoƙari, kar ki bar tafiyar nan, zuciya da sukari da tansiyo duk suna gode miki. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2020 ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a sati, kin ma cika. Amma a wannan takardar dai an ce a ƙara da aikin ƙarfafa tsoka kwana 2 ko fiye a sati, nan ne kusan dukanmu muke tsallakewa. Matsalar tafiya ita ce ƙashi ya saba da ita, shekara 48 kina yi, ba wani sabon labari kike ba shi ba. Tana rage saurin gangara amma da ƙyar take ƙara gini, kuma ba ta taɓa hannu da gadon baya.

Maganar yayarki kuwa an gwada ta. A jami'ar Griffith ta Ostireliya, Farfesa Belinda Beck da abokan aikinta sun ɗauki mata 101 da haila ta ɗauke musu kuma ƙashinsu ya riga ya yi rauni, suka raba su biyu. Rabi suna ɗaga ƙarfe mai nauyi na gaske, minti 30 sau 2 a sati har wata 8, rabi suna ɗan motsi mai sauƙi a gida. Da aka auna, masu ƙarfe ƙashin bayansu ya ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100, na gida ya ragu da kashi 1 da ɗoriya, kuma ba wadda ta karye wajen ɗagawa. An buga sakamakon a 2018. Sai dai a lura, kowace akwai ƙwararre tsaye kanta yana gyara mata tsayuwa, kuma da marar nauyi aka fara ana koyon yadda ake yi. Ban ce gobe ki shiga sal ɗin ɗaga ƙarfe ki sungumi abin da samari ke sunguma ba.

Kashi 3 kamar ba yawa ko? Ki tuna a shekarun nan naki hanya ƙasa take yi, wadda ta tsaya wuri ɗaya ma ta ci riba.

A aikace, tunda ba ki taɓa karyewa ba: cikin tafiyarki ki riƙa saka sauri na minti ɗaya har numfashi ya ɗaga, ki hau matakala duk inda kika samu, a buro ma ki bar aiken planto ki hau da kanki. In gwiwa lahiya kuma fitsari ba ya kuɓuce miki, ki yi 'yan tsalle 10 zuwa 20 a wuri ɗaya, ko tsallen igiya irin na 'yan mata, ko ki yi ɗage ki saki diddige ya daki ƙasa. Ƙashi ya fi jin dira gajera mai ƙarfi a kan abu mai sauƙi na awa guda. A gida gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi in kin cika ta da rairayi ta haura kilo 2, biyu sun ishe ki farawa, ki ɗaga sama da kai, ki ja zuwa ƙugu kina ɗan sunkuye da baya a miƙe, ki tsuguna ki tashi da su. Ma'aunin shi ne nauyin da za ki iya sau 8 zuwa 12 amma na ƙarshe da ƙyar. In kina yin 30 kina hira a waya, ya yi miki kaɗan. Kuma haƙuri, ƙashi ba ya nuna canji sai an yi wata 6 zuwa shekara, ƙarfin jiki ne za ki fara ji tun watan farko.

Lokacin zafi, Afrilu da Mayu, ki tsaya kan asubar nan taki da gorar ruwa a hannu. Da azumi a maida shi bayan shan ruwa.

Malama, uwar mijina ce, muna zaune Boukoki. Bayanta ya ranƙwafa, ta gajarce, zanen da take ɗaurawa da yanzu ja yake a ƙasa. Wata maƙwabciya ta nuna mata wani sipor a waya, a kwanta a riƙa tasowa ana taɓa yatsun ƙafa wai yana miƙar da baya. Kuma tana tambaya ko ruku'u da sujada za su cuce ta.

Don Allah ƙanwata yau ɗin nan ki ce Hajiya ta bar wannan sipor. Ƙashin baya guntu-guntu ne jere bisa juna, in mutum ya lanƙwasa baya gaba duk nauyi na taruwa a gefen gaba na kowane guntu, in ya yi sakayau sai ya lotse. Da yawa ba sa jin komai ko su ce ciwon baya ne na tsufa, ɗaya ya lotse, biyu, uku, shi ne doron da kike gani. Wanda ya rage tsawo da santimita 4 daga yadda yake a ƙuruciya ya kamata a yi masa radiyon baya. Ki gwada ta ma, ta jingina da bango, diddige da mazaunai na taɓa shi, ki ga ko ƙeya na kaiwa ba tare da ta ɗaga haɓa ba.

Tun 1984 aka ga wannan a asibitin Mayo na Amurka, likita Mehrsheed Sinaki ta bi mata masu wannan cuta, waɗanda aka ba motsin lanƙwasawa gaba kashi 89 cikin 100 sun samu sabuwar lotsewa, waɗanda aka ba na miƙar da baya kashi 16 kawai. Matan ba su da yawa, 59 ne, amma har yau shawarar ba ta canja ba. Abin da ya dace da ita: ta kwanta rub da ciki, matashi ƙarƙashin mara, hannuwa a gefe, ta ɗaga kai da ƙirji kaɗan tana kallon ƙasa, ta ƙirga 5 ta sauke. In kwanciyar ta gagara ta zauna a kujera ta ja kafaɗu baya kamar za su haɗu, ta miƙe wuya.

Ni abin da ya fi damuna ma ba sipor ɗin waya ba ne, aikin gida ne. Shara da guntuwar tsintsiya, wanki a duƙe da bahon a ƙasa, sunkuyawa a ɗauko tukunya ko jika sannan a murɗa ƙugu a ajiye gefe, wannan murɗawar da kaya a hannu ita ce mafi muni. A ɗaura wa tsintsiya sanda, a ɗora baho bisa tebur ko turmi a kife, in za ta juya ta juya da ƙafafu gaba ɗaya. Tulu ko buhu a kai kuwa ita kam ta gama da shi.

Salla ba ta cikin abin tsoro. Ruku'u yadda malamai ke koyar da shi, baya a shimfiɗe, hannu bisa gwiwa, lanƙwasawar daga ƙugu take fitowa, kuma haka ma kine ke koya wa mutane su sunkuya. Zuwa sujada ta sauka a hankali tana dafawa. In sabuwar lotsewa ce mai zafi ta yi a zaune har ta lafa, addini ya ba da wannan sauƙi, ta tambayi malaminta. Amma kar kujera ta zama ta dindindin in tana iya tsayuwa, tashi da zaman nan na salloli biyar ba ƙaramin aiki yake wa cinya ba. In baya ya sare ta farat ɗaya, ko ƙafa ta mutu, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, wannan asibiti ne nan take.

Malama ni namiji ne, tsohon mushen lakwal, shekara 67, daga Tawa. Wanga ciwo na mata ne kaɗai? Ni kullum bisa keke nike.

Baba ina gaisuwa. Ba na mata ba ne kaɗai, ƙididdigar duniya ta ce bayan shekara 50 mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 za su samu irin wannan karaya. Taba, giya, rama sosai da daɗewa kan kortizon, maganin nan na kumburi, suna ƙara haɗarin. Keke na da kyau ga zuciya da gwiwa amma sirdi ne ke ɗauke da ku, kamar yadda ruwa ke ɗauke mai iyo, ƙashi ba ya samun rabonsa. Ku riƙa ajiye shi kuna zuwa masallaci da fada a ƙasa, ku yi tashi-zauna na kujera da na faɗa a sama, da tsayuwar ƙafa ɗaya, don wanda ya kai 65 ana son ya yi aikin daidaita tsayuwa kwana 3 a sati. In akwai garka, ban ruwa da shema ma aiki ne, baya dai a miƙe.

Anti don Allah a ɓoye sunana. Shekarata 23, bikina ya kusa, ƙawata ta ba ni wasu 'yan ƙwayoyi na ƙiba, deksa, wata 4 ke nan ina sha kuma na ciko. Na ji an ce yana cin ƙashi. In ina motsa jiki ina shan nono zai hana?

Ba zai hana ba ƙanwata. Deksa, wato deksametazon, kortizon ne mai ƙarfi, yana kashe gwiwar masu zuba sabon ƙashi, yana hana hanji tsotsar kalsiyom, kuma ɓarnar ta fi sauri a watannin farko. Likitoci tun daga wata 3 suke fara damuwa da ƙashin mai shan irinsa, ke kin wuce. Cikowar da kike gani ruwa ne da kitse a fuska da ciki, cinya da damtse kuwa ramewa suke, ga sukari da tansiyo na biye. Abin takaicin ma shekarunki ne na tara ƙashi, abin da kika tara kafin 30 shi za ki ci har tsufa, ga ciki da shayarwa na tafe.

Amma kar ki yanke shi dare ɗaya, wannan ma haɗari ne, jiki ya daina yin nasa kortizon ɗin, mutum na iya faɗuwa tansiyo ya yi ƙasa har a rasa shi. Ki ɗauki kwalin ki je wajen dokta ki faɗa masa gaskiya, ƙwaya nawa a rana, tun yaushe, shi zai riƙa rage miki sannu-sannu. Ba ke ce ta farko da zai gani ba. Man shafawa na bilicin ma da yawa akwai kortizon ciki, in kina shafawa ki haɗa da shi ki nuna.

Nonon kuwa ki ci gaba, da ke da duk waɗanda suka rubuto. Babba na buƙatar wajen miligiram 1000 na kalsiyom a rana, tsofaffi har 1200, kofi ɗaya na madara na ba da kusan 300. Hura da nono mai kauri ba wanda aka tsinka da ruwa ba, cuku, kopto ko dambun zogale, miyar kuka, riɗi, ƙananan kifi da ake ci da ƙaya. Sai bitamin D da fata ke yi in rana ta taɓa ta, wanda in babu shi kalsiyom ɗin wucewa yake. Rana dai ba mu rasa ta ba a Nijar, amma mai wuni cikin ɗaki in ta fito kuma ta rufe ruf tana iya rasa shi, ki riƙa zama tsakar gida da hantsi hannu da ƙafa a buɗe na ɗan lokaci. In ƙiba kike so ta amarci, ki ci abinci ki ɗaga gorar rairayin nan, naman da zai zo ta nan shi ne mai zama.